Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa Ta Ƙasa, NITDA: Kada A Mayar Da Mu Hannun Ɗan Jagora

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan hukumarka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya yi jagora.

Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma makaho ne. A takardun gwamnati "masu buƙata ta musamman" ake ce mana, ban kuma ƙi ba, amma a unguwarmu Malam Makaho yara ke kirana, ina amsawa ba tare da raina ya ɓaci ba. Ba da makanta aka haife ni ba. Hawan jinin ido ne ya cinye ganina sannu a hankali, kamar yadda gara ke cin azara, ba a farga ba sai da rufi ya rufta. Ina da shekara 24 lokacin da hasken ƙarshe ya ɗauke. Wannan wasiƙar da kake karantawa da yatsuna na buga ta a kwamfutata, ban yi wa kowa shifta ba. Na faɗi haka ne tun daga farko saboda a kansa duk maganar tawa za ta tsaya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗan jagora. Yaro ne riƙe da kan sanda, makaho na riƙe da gindinta, suna ratsa kasuwa da tasha. Masu ido idan sun gan su, tausayi suke ji ko su miƙa sadaka. Abin da ba su cika lura da shi ba shi ne, ɗan jagora ya san komai naka. Ya san gidan da ka shiga da wanda ka tsallake. Ya san nawa aka ba ka, nawa ka ɓoye, wa kake bi bashi, wace bazawara kake zuwa wurinta zance. Makaho mai ɗan jagora ba shi da sirri, ko da yaron ɗan cikinsa ne. Shi kuma yaron, duk wunin da ya yi riƙe da sanda wuni ne da bai yi a aji ba.

Wayar hannu da kwamfuta su suka fara sakin mana wannan mara. Akwai manhajoji da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya. Ta kwamfutata sunanta NVDA, wasu samari biyu makafi 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka raine ta tun daga 2006, kuma kyauta suke bayarwa. Wayoyin iPhone sun zo da VoiceOver tun 2009, na Android kuma, waɗanda su ne a hannun talaka, suna da TalkBack. Kana shafa allo da yatsa tana faɗa maka abin da ka taɓa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Ba zan manta daren da na fara tura wa mahaifiyata kuɗi daga kan gadona ba, ƙarfe 11 na dare, babu wanda ya san nawa na tura sai ni da ita da Allah. Mai ido ba zai gane daɗin wannan ba. Na daɗe zaune riƙe da wayar ina murmushi ni kaɗai cikin duhu, duhun da dama ni da shi mun saba.

To, ranka ya daɗe, abin da wayar ta ba mu, shafukan intanet na ƙasar nan suna karɓewa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Wata hukuma ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ita kaɗai ba ce, kuma ba tonon silili ya kawo ni ba. Ina da takardun da ake nema, har da ƙari. Na zauna bayan sallar isha'i na buɗe shafin. Sanarwar da ke ɗauke da sharuɗɗan neman aikin, hoton takarda ce aka ɗauka da waya aka liƙa. Manhajata ta iso wurin ta ce "hoto", ta yi shiru. Na ce ba komai, sharuɗɗan na ji su a rediyo. Na shiga fom ɗin. Akwatin farko ta ce "wurin rubutu". Na biyu, "wurin rubutu". Na uku ma haka, har guda goma sha. Wanne ne na suna, wanne ne na ranar haihuwa, wanne ne na ƙaramar hukuma? Mai ido yana ganin rubutun a gefen kowane akwati, amma wanda ya gina shafin bai ɗaure rubutun da akwatin ba, don haka a wurina tamkar kwalaben magani ne jere a kan kanta an ɓare musu takarda. Na yi ta lalube ina cikewa da ka. Da na zo zaɓen jiha, jerin sunayen ya ƙi buɗewa da madannan kwamfuta, sai da linzami, wato mouse, ni kuwa linzami ba ya yi mini amfanin komai tunda ba na ganin inda kibiyarsa take. Na koma waya na sake daga farko. A can na samu na wuce jiha, na isa ƙarshe, sai ga karkatattun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar shi ɗan Adam ne ba na'ura ba. Babu zaɓin saurare. Ina cikin neman mafita shafin ya ce lokacina ya ƙare, ya share duk abin da na rubuta.

Washegari na hau ɗan sahu zuwa kafe. Yaron kafen mai kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma shago ne cike da mutane, janareta na ruri, dole sai da ɗaga murya. Na karanto masa lambar NIN ɗina da ƙarfi. Na faɗi ranar haihuwata, lambar wayata, sunan mahaifiyata, matakin albashina. Shi ya zaɓa mini kalmar sirri, ya rubuta a 'yar takarda ya danƙa mini, takardar da ba zan iya karantawa ba. Wani daga bayana ya ce, "Ikon Allah, ashe har da su Malam ake neman aikin." Bai faɗa da mugunta ba. Na biya kuɗin kafe, na biya na ɗan sahu zuwa da dawowa, na koma gida na gane cewa da digirina da kwamfutata da komai, an sake miƙa mini gindin sanda.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Kai masanin fannin ne, ka fi ni sani, amma bari in faɗa don sauran masu karatu. Manhajar karanta allo ba ta kallon shafi yadda ido ke kallo. Ginin da ke ƙarƙashi take bi, wato rubutun da mai gini ya tsara shafin da shi. Idan ya ce wannan kan magana ne, za ta gaya mini, in yi ta tsalle daga kan magana zuwa kan magana kamar yadda mai ido ke wurga ido a jarida. Idan kuwa ƙara wa haruffa girma kawai ya yi ya shafa musu launi, a wurina duk shafin ya zama doguwar magana guda marar waƙafi. Idan ya sa wa maɓalli suna, za ta ce "tura" ko "koma baya". Idan bai sa ba, sai ta yi ta cewa "botin, botin, botin", ni kuma in yi ta canki-canki, ban san wanda zai tura kuɗi da wanda zai soke ba. Sa wa akwati suna layi ɗaya ne na rubutu. Rubuta bayanin hoto jimla ɗaya ce. Ba sai an sayo na'ura daga waje ba, ba sai an ƙara kasafi ba. Sani ne kawai, da kuma wanda zai tambayi ɗan kwangila ko ya yi.

Ga kuma doka. Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a buɗe mana ƙofarsu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wa naƙasassu wariya, bayan shekara da shekaru ana kai gwauro ana kai mari a majalisa. Dokar ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta haifar da Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Sannan ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu.

A kan wannan kashi 5 ɗin nake so ka ɗan tsaya. Yau kusan duk aikin gwamnatin tarayya ta shafin intanet ake nemansa. Haka rancen karatu na ɗalibai, haka fasfo, haka gurbin jami'a, haka tallafin sana'a. Ofishin da a da ake zuwa a tarar da akawu a yi masa bayani, yanzu ya koma adireshi a waya. Idan an ware mini kujera a cikin ɗaki amma ƙofar ɗakin ba ta buɗuwa sai ga mai ido, me aka ba ni? Lokacin da aka rubuta dokar hankalin kowa na kan matakala da lif da gangaren keken guragu, kuma da gaskiyarsu. Sai dai kafin a gama zuba simintin gangaren, ofishin ya tashi ya koma intanet, ya kuma gina sabuwar matakala a can.

Wanda ya ga watannin farko na 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san abin da nake nufi. Takardar naira ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai kayan miya. A makonnin nan na san makafi da dama da suka miƙa wa maƙwabta lambobin sirrinsu na banki don su ci abinci. Ba don ba su iya waya ba. Manhajar bankin ce maɓallanta ba suna, lambobin nan na tauraro kuma kafin murya ta gama karanto maka zaɓi na huɗu, layin ya katse.

Na yi ta maganar makafi don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba mu kaɗai ba ne. Akwai kurame. Hukuma za ta saki bidiyon sanarwa mai muhimmanci, babban jami'i na magana minti 10, babu rubutu a ƙasa, babu mai fassara da hannu a gefe. Kuma a nan Arewa abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin maganar hannu da kurame ke yi a tsakaninsu a Kano daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka. Rubutu a ƙasan bidiyo, cikin sauƙaƙan kalmomi, shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi. Akwai zabiya da sauran masu raunin gani, waɗanda rubutu ruwan toka a kan fari yake zame musu azaba, kuma idan suka ƙara girman haruffa sai shafin ya wargaje, wani layi ya hau kan wani. Akwai wanda shan inna ko shanyewar ɓarin jiki ko kuturta ta taɓa wa hannu, wanda ba zai iya saita yatsa a kan ɗigon maɓalli kamar ƙwayar gero ba. Akwai mai farfaɗiya, wanda hoto mai walƙiya zai iya kayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Sannan akwai layin da kowa ke kai idan Allah ya ba shi tsawon rai: tsufa. Ɗan fanshon da ake cewa ya tantance kansa ta intanet, idonsa da yana, hannunsa na rawa, shi ma namu ne ko bai yi rajista da ƙungiyarmu ba.

Ba sabon ilmi nake roƙo a ƙirƙiro ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta duniya, ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG tun 1999. Ta sabunta su a 2008, ta ƙara a 2018, ta sake ƙarawa a Oktoban 2023. Ginshiƙansu huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafin ko da ido ko da kunne ko da taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtarsa, kuma shafin ya yi aiki da kayan taimako iri-iri. Ba wa'azi ba ne, awo ne. Sun faɗi yawan bambancin da ya kamata a samu tsakanin launin rubutu da na bango, 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum. Sun ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya. Sun ce duk abin da linzami zai yi, madannai ma su iya. Sun ce idan akwai ƙayyadadden lokaci, a gargaɗi mutum a ba shi damar ƙarawa. Matakai uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar shi gwamnatoci suka fi ɗauka.

Don a yi adalci, ba mu kaɗai muka gaza ba. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM tana auna shafukan farko na manyan adireshi miliyan 1 na duniya duk shekara tun 2019, kuma kowace shekara sama da kashi 90 cikin 100 suna faɗuwa, laifin da ya fi yawa kuwa shi ne rubutu marar fitowa sosai. Bambancin shi ne a wasu wuraren akwai inda mutum zai kai kuka a share masa hawaye. Tun a shekarar 1999 wani makaho ɗan Ostireliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu, ya yi nasara a 2000, aka biya shi diyyar dalar ƙasarsu 20,000. A Amurka wani makaho ya maka kamfanin Domino's a kotu don ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kamfanin ya garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma a 2019 ta ƙi sauraron kamfanin, shari'ar ta ci gaba. Tarayyar Turai kuwa, daga 28 ga Yunin 2025 dokarta ta hau kan bankuna da shagunan intanet. Wannan na ƙarshen ya shafi yaranmu kai tsaye: matashin da ke Kano ko Kaduna yana gina wa kamfanin Turai shafi daga ɗakinsa, idan bai iya wannan aikin ba, kasuwar za ta wuce shi.

Yanzu ga inda na fi so ka ba ni kunnenka, domin a nan ne ko masu kyakkyawar niyya suke faɗuwa. Gina shafi daban, riƙe shi daban.

Akwai wata manhajar kuɗi da na yi shekara biyu ina amfani da ita lafiya lau. Wata safiya ta sabunta kanta. An canza launi, an ce ta yi kyau, abokan aikina masu ido suna ta yabawa. Ni kuwa duk maɓallan sun koma "botin". Babu wanda ya yi niyyar korata, kawai dai cikin waɗanda suka gwada sabon tsarin kafin a sake shi babu mai amfani da murya. Haka abin yake a shafukan hukumomi. Ɗan kwangila zai gina, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka ƙyalle, a biya shi ya kama gabansa. Daga ranar shafin ya koma hannun wani ma'aikaci a sashen yaɗa labarai wanda ba a taɓa koya masa komai a kan wannan ba. Takardar sanarwa ta fito daga ofishin babban sakatare da sa hannu da hatimi, sai ya ɗauke ta hoto ya ɗora. Rahoton shekara mai shafi 200, a bi shi da na'urar ɗaukar hoto a mayar da shi PDF, wanda a wurin manhajata farar takarda ce guda 200. Jadawalin sunayen waɗanda suka yi nasara, hoto. Ranar rufe rajista, a cikin hoto mai ado da furanni. Cikin wata shida shafin da aka gina da kyau ya zama kango. Na sha zuwa ma'aikatu inda aka gina gangaren keken guragu, amma an ajiye janareta ko tukunyar fulawa a kansa. To haka ake yi mana a intanet kullum, sai dai shi wannan janaretan ba mai ganinsa sai mu da ba ma gani.

Kuma don Allah a yi hattara da masu tallan maganin a-sha-yanzu. Akwai kamfanonin da ke sayar da wani ɗan maɓalli da ake liƙawa a kusurwar shafi, mai hoton mutum ya ware hannuwa, su ce da zarar an liƙa shi shafi ya gyaru. Sau da yawa ƙara rikita mana manhaja yake yi. A 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni biyan dala miliyan 1 saboda iƙirarin da ya wuce gaskiya. Na san halinmu, irin wannan ne zai fi saurin samun kwangila, don ana ganinsa da ido a nuna wa mai gida. Fenti ne a kan bangon da ya tsage.

Me ya sa kai na rubuto wa, ba wani ba? Domin makullan suna hannunka. Dokar 2007 da ta kafa NITDA ta ɗora wa hukumarka tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa a ƙasar nan. Adireshin gov.ng ta wurinku ake samunsa. Ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya sai sun biyo ta teburinku an tantance kafin a kashe kuɗi. A wannan teburin nake roƙon a ajiye tambaya ɗaya: shafin nan ya cika matakin AA? A rubuta shi cikin takardar kwangila, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada an gani. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Gyara shafi bayan an gama shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ɗan kwangilar da ya san ba za a sallame shi ba sai ya sa wa akwati suna, wallahi zai sa.

Gwajin kuma kada a bar wa na'ura kaɗai. Manhajojin awo suna kama wasu kurakurai, amma za su ga hoto da bayani su ce ya ci, ko da bayanin "hoto 1" ne. A ɗauki makafi da kurame da masu raunin hannu aikin gwaji, a biya su kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre. Kada a kira mu taro a ba mu lemo da hula a ɗauki hoto. Muna da matasa masu digiri a kimiyyar kwamfuta suna zaune a gida, ga aiki, ga kuma hanyar cike wani ɓangare na kashi 5 ɗin nan. Tunda shafi yana lalacewa bayan gini, gwajin ya zama na shekara-shekara, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Ofishin gyaran aikin gwamnati, BPSR, dama yana jera shafukan ma'aikatu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Idan aka ba wannan awon nauyi a cikin makin, babban sakataren da ya ga ma'aikatarsa a ƙasan jeri zai nemi ma'aikacin da ke ɗora hotuna tun kafin azahar. Shi ma ma'aikacin a koya masa, horon wuni biyu ya isa ya san yadda zai ɗora rubutu a maimakon hoto.

Sai matasan da ake horarwa a shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da makamantansa. Idan za a yaye dubban masu gina shafuka ba a taɓa sa su kunna TalkBack sun rufe ido na minti 10 ba, to matsalar ake yayewa da yawa. A sa shi cikin manhajar karatu tun makon farko, lokacin da suke koyon harsashin gini, kada a bar shi ya zama darasin ƙarshe da ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure.

Kowane shafin gwamnati kuma ya kasance da wurin da mutum zai ce "na kasa shiga", da lambar waya da ake ɗauka, da adadin kwanakin da za a ba shi amsa. Ku haɗa hannu da Hukumar Kula da Naƙasassu a kan wannan, su suna da dokar, ku kuna da sanin aikin.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi damuna a matsayina na malami. Muryar da ke karanta mini allo ta Turanci ce. Idan ta shiga rubutun Hausa sai ta koma kamar Baturen da ya kurɓi kunu mai zafi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wani lokaci ta tsallake su, wani lokaci ta tsaya tana kiran sunansu a tsakiyar kalma. Ni na saba, kunnena ya koyi fassara shirmenta. Amma makahon da ya yi karatun allo bai yi boko ba, wanda ya haddace Alƙur'ani amma ba ya jin Turanci, shi wayar ba ta sake shi ba tukuna. Tunda ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira da harsunan gida, ina roƙon a sa murya mai karanta Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci, wadda za ta yi aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, cikin abubuwan da za a fara kashe wa kuɗi. Masu gina shafuka kuma su riƙa yi wa shafin Hausa alamar cewa Hausa ne, don ranar da muryar ta samu ta san inda za ta kama.

Na san ana iyawa a ƙasar nan idan an so, don na gani, ko in ce na taɓa. Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa, kuma yara da dama sun shiga jami'a ta wannan hanyar. A zaɓen 2019 hukumar zaɓe ta kawo jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi, don mutum ya dangwala wa wanda yake so ba tare da wani ya riƙe masa yatsa ba. Ba ta isa ko'ina ba, amma tunanin da ke bayanta daidai ne: ƙuri'ar makaho sirrinsa ce. Lambar asusunsa ma haka, sakamakon asibitinsa ma haka. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga ɗan roƙo na ƙarshe, ba ya buƙatar kwamiti ko kasafi. Ranar da ka samu sarari a ofis, ka sa a sauke NVDA a kwamfutarka, kyauta ce, minti 5 ta isa. Ka zare linzami, ka kashe allon, ka zaɓi shafin kowace ma'aikata ka ga dama, ka gwada cike fom ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka kira shugabannin sassanka su tsaya a bayanka suna saurare. Idan kana son wanda zai nuna maka madannan, ƙungiyoyin makafi suna nan Abuja, ni ma in an kira ni zan hau mota in zo.

Akwai wata ɗaliba da nake koya wa kwamfuta da yamma, makauniya ce tun haihuwa, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ta fi ni saurin bugu yanzu, kuma lauya take so ta zama. Ƙaninta mai shekara 11 shi ke raka ta duk inda za ta, ranar da za ta kafe kuwa ba ya zuwa makaranta. Makon jiya ta tambaye ni ko idan lokacin cike takardun jami'a da na rancen karatu ya zo za ta iya yi ita kaɗai a ɗakinta. Na ce mata zan tambaya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta makaho,
daga Kano.